Jibin Ubangiji: Da Wa Kake Ci?

Wata ranar Litinin da safe ina koya wa 'yan aji shida darasin Littafi Mai Tsarki, sai wata yarinya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, jiya na ga an raba wa manya burodi a sujada, amma ɗan gutsure ne wanda ko kaza ba zai ƙosar ba. Don me ake ce da shi jibi?" Ajin duka ya fashe da dariya. Wani yaro daga baya ya ce shi kam da yana tsammani jibin nan shi ne wanda ke bin gobe, yana ta mamakin yadda jibi yake zuwa sau ɗaya kaɗai a wata.

Na bayyana musu cewa jibi tsohuwar kalma ce ta Hausa, ma'anarta abincin da mutane suke zama su ci. Suka rubuta a littafinsu, aka kaɗa ƙararrawa, suka fita. Amma tambayar yarinyar nan ba ta bar ni ba. Idan abincin bai ƙosar da ciki ba, me muke zuwa nema? Da wa kuma muke ci? Mai karatu, bari mu bi sawun wannan jibi tun daga inda ya faro, sa'an nan in ba ka labarin yadda ni kaina na kusa mai da shi abin banza saboda kunya uku na gona.

DAREN MASAR

Tushen abin yana cikin Littafin Fitowa sura 12. Isra'ilawa suna bauta a ƙasar Masar, Fir'auna kuwa ya ƙi sakinsu. Allah ya umarci Musa cewa kowane gida ya keɓe ɗan rago ko ɗan akuya, namiji, bana ɗaya, marar lahani, tun ran 10 ga wata. Ran 14 da maraice a yanka shi, a shafa jinin a dogaran ƙofa da bisanta. A gasa naman, a ci da gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci, kowa da ɗamara a gindi, da takalmi a ƙafa, da sanda a hannu. A daren nan mutuwa ta shiga gidajen Masarawa, amma ta ƙetare kowane gida mai jini a ƙofa. Daga nan aka sami sunan Idin Ƙetarewa.

Akwai abu biyu a surar nan da mukan yi saurin wucewa. Na fari, an ce idan mutanen gida sun yi kaɗan ga rago guda, sai su haɗu da maƙwabcinsu na kusa su ci tare. Watau tun daga farko ba a shirya abincin nan domin mutum ɗaya a ƙuryar ɗaki ba. Na biyu, an ce 'ya'ya za su tambayi iyayensu ma'anar wannan hidima, iyaye kuwa su ba su amsa. Ashe yarinyar ajina ba ta yi rashin kunya ba. Abin da aka shirya yara su yi ke nan.

DAREN DA AKA BA DA SHI

Bayan shekaru fiye da dubu, Yesu ya zauna cin Idin Ƙetarewa da almajiransa goma sha biyu a wani bene a Urushalima. Matiyu sura 26, da Markus sura 14, da Luka sura 22 duk sun ba da labarin. Ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, ya gutsuttsura, ya ba su, ya ce musu jikinsa ne. Ya ɗauki ƙoƙo kuma, ya ce jininsa ne na sabon alkawari wanda za a zubar domin gafarar zunubai. Ya umarce su su riƙa yin haka domin tunawa da shi. Kashegari aka gicciye shi. Ragon Masar ya fanshi gida gida na dare ɗaya, wannan Ɗan Rago kuwa ya ba da kansa sau ɗaya domin duniya duka.

Amma dubi mutanen da ke zaune a wurin. Luka ya gaya mana cewa a kan wannan tebur ɗin gardama ta tashi tsakaninsu a kan wane ne babba. Yahaya sura 13 ta nuna babu wanda ya tashi ya wanke ƙafafun 'yan'uwansa, sai Ubangiji da kansa ya yi ɗamara da mayafi, ya zuba ruwa a daro. Bitrus yana nan, wanda kafin zakara ya yi cara zai yi musun saninsa sau uku. Game da wanda zai bashe shi kuwa, Yesu ya ce mai sa hannu a akushi ɗaya da shi ne.

Mu a ƙasar nan mun san nauyin wannan magana. Mutumin da kuka sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi ya zama naka. In ya juya ya cuce ka, ba a ce ya yi laifi kawai ba, cewa ake ya ci amana. Haka kuma in mutum biyu suka yi faɗa aka sulhunta su, dattawa ba su cika yarda an gama ba sai sun ga sun ci abinci tare. Yesu ya ɗauki abin da kowane gida ya sani, ya mai da shi hatimin alkawarinsa.

ABIN KUNYA A KORANTI

Rubutu mafi tsufa da muke da shi a kan Jibin Ubangiji ba a cikin Bishara huɗu yake ba. Yana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, wadda ya rubuta daga Afisa wajen shekara ta 55, tun ba a rubuta Bisharun ba. Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida a Koranti yana koyarwa, saboda haka ya san mutanen sarai. Abin lura shi ne, tsawatawa ce ta sa ya rubuta.

A zamanin nan masu bi ba su da ginin sujada, a gidajen mutane suke taruwa, Jibin kuwa abinci ne sosai da ake ci a ƙoshi. Ranar Lahadi ba ranar hutu ba ce a mulkin Roma, sai a shekara ta 321 ne Sarki Kustantin ya mai da ita haka. Don haka masana suna gani masu hali sukan riga zuwa, bayi da 'yan ƙodago kuwa sai sun tashi daga aiki. Kafin su iso an cinye. Bulus ya ce wani yana zaune da yunwa, wani kuwa har ya bugu. Ya gaya musu a fili cewa abin da suke ci ba Jibin Ubangiji ba ne, ko da yake da gurasa da ƙoƙo da addu'a duk suna nan. Me ya ɓace? Sun raina ekklesiyar Allah, sun kunyata waɗanda ba su da kome.

A sura 10 ya riga ya faɗi dalilin. Ƙoƙon tarayya ne cikin jinin Almasihu, gurasar kuwa tarayya ce cikin jikinsa. Da yake gurasar ɗaya ce, mu ma da muke da yawa jiki ɗaya ne. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Saboda haka Jibin yana duban wuri uku. Yana duban baya, ga gicciye. Yana duban gaba, gama muna shelar mutuwar Ubangiji har ya dawo. Yana kuma duban gefe, ga wanda ke zaune kusa da kai a benci. Yawancinmu mun iya na fari da na biyu. Na ukun ne yake ba mu wuya.

YADDA MASU BI NA FARKO SUKA YI

Ayyukan Manzanni sura 2 ta ce masu bi na Urushalima sun nace wa koyarwar manzanni, da zumunta, da gutsuttsura gurasa, da addu'a. A sura 20 mun ga 'yan'uwa a Taruwasa sun taru ran farko ta mako domin gutsuttsura gurasa.

Wajen shekara ta 155, wani malami a birnin Roma mai suna Jastin, wanda daga baya aka kashe shi saboda bangaskiyarsa, ya rubuta wa sarkin Roma bayanin sujadar Kirista. Ya ce ran Lahadi mutanen birni da na ƙauye sukan taru wuri ɗaya. A karanta rubutun manzanni da na annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a tashi a yi addu'a. Sa'an nan a kawo gurasa da ruwan inabi gauraye da ruwa, shugaba ya yi godiya, jama'a su amsa da Amin. Bayan an raba, dikinoni su kai wa waɗanda ba su sami zuwa ba. A wurin kuma ake tara baiko domin marayu, da gwauraye, da marasa lafiya, da 'yan kurkuku, da baƙi.

Akwai kuma wani ɗan littafi da ake kira Didake, watau Koyarwa, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na fari ko farkon na biyu. Ya ɓace shekaru da yawa, sai a 1873 aka same shi a wani ɗakin littattafai a birnin Istanbul, aka buga shi a 1883. A cikinsa an kwatanta ekklesiya da hatsin da ya warwatsu a kan tuddai, aka tattara shi ya zama gurasa guda. An kuma kafa doka cewa wanda yake da rigima da ɗan'uwansa kada ya shiga taron sai sun shirya. Wannan ba sabon abu ba ne, gama a Matiyu sura 5 Yesu ya riga ya koyar cewa in mutum ya kawo baiko gaban bagade, ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna.

INDA AKA SAƁA

Abin baƙin ciki, teburin da aka kafa domin haɗa kai ya zama wurin rabuwa. A babban taron Lateran na 1215, Ekklesiyar Katolika ta tabbatar da koyarwarta cewa gurasa da ruwan inabi sukan sāke su zama ainihin jiki da jinin Almasihu, ta kuma wajabta wa kowane mai bi ya karɓa aƙalla sau ɗaya a shekara, lokacin Ista. A watan Oktoba 1529, Martin Luta da Ulrik Zwingli suka sadu a garin Marburg na ƙasar Jamus domin su daidaita. Cikin batutuwa 15 sun yarda a kan 14. Na ƙarshen, watau Jibin, ya gagare su. Luta ya tsaya a kan cewa jikin Almasihu yana nan da gaske tare da gurasar, Zwingli kuwa ya ce alama ce ta tunawa. Yahaya Kalbin ya koyar cewa mai bi yana cin Almasihu a ruhaniya ta wurin bangaskiya. Ya so a riƙa yi kowane mako, amma mahukuntan birnin Janiba suka tsai da sau huɗu a shekara. A 1982 wakilan ekklesiyoyi da yawa suka taru a Lima ta ƙasar Peru, suka fito da takarda a kan baftisma da Jibi da hidima, domin a ga inda aka yi kusa da juna. Har yanzu dai ba dukan ekklesiyoyi ne suke ci a teburin juna ba.

Shi ya sa yadda ake yi ya bambanta a garuruwanmu. Katolika suna yi a kowace Mas, wasu kowace Lahadi, wasu sau ɗaya a wata, wasu bayan wata uku. Ekklesiyar 'Yan'uwa, wadda aikinta ya faro a Garkida a 1923, tana riƙe da wanke ƙafa tare da Jibin. Wasu suna sha daga ƙoƙo ɗaya, wasu daga ƙananan kofuna. Wasu suna amfani da ruwan inabi mai ƙarfi, wasu da marar sa maye, irin wanda wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya gano hanyar ajiye shi a 1869 ba tare da ya yi tsami ba. Ina yaro a ƙauyenmu na ga an yi da ruwan zoɓorodo, gama shi ke hannu. Kowa ya bi koyarwar ekklesiyarsa da natsuwa, ya tambayi fastonsa abin da bai gane ba. Amma tsawatawar da Bulus ya yi wa Korantiyawa ta shafi kowannenmu, ko wane irin kofi muke riƙewa.

KUNYA UKU

Yanzu ga nawa labarin. Shekarun baya na gaji wata 'yar gona a bayan gari. Maƙwabcina a gonar dattijo ne a ekklesiyarmu, sa'an mahaifina. Da damina ta faɗi na je na tarar ya yi huɗa ya shigo mini da kunya uku, ko dai haka na gani. Na yi masa magana da zafi, shi ma ya mayar da zafi. Daga ranar gaisuwa ta yanke. In na hango shi a hanyar kasuwa sai in ratse. Matanmu da suke zama tare a zumuntar mata suka fara sanyi da juna. Haka muka yi wata goma sha ɗaya.

Ga inda abin ya yi muni. Dattijon nan yana cikin masu raba Jibi, gefen dama kuma shi ne nasa, inda na saba zama. Sai na koma gefen hagu domin in karɓa daga hannun wani. Kowane wata nakan sunkuyar da kai, in rufe ido, in ci, in sha, in fita ina ji kamar na yi daidai. Ran Litinin kuma in tsaya gaban yara ina koya musu gafara.

Wata Asabar da dare, bayan yara sun kwanta, uwargida ta ce, "Malam, ina da tambaya, kada ka yi fushi." Na ce ina ji. Ta ce, "Burodin nan da kake gudun karɓa daga hannun Baba, nasa ne ko na Ubangiji? In na Ubangiji ne, shi da ya yarda Baba ya ɗauka, kai wane ne da za ka zaɓi hannu?" Na buɗe baki in kawo mata aya, na rasa wadda za ta tsaya mini. Na kwana ban yi barci ba. Na gane wata goma sha ɗaya ina yin irin abin da Korantiyawa suka yi, sai dai su da abinci, ni da wurin zama.

Da asuba na tafi gidansa. Ƙafata ta yi nauyi ƙwarai, har sau biyu na tsaya a hanya. Na yi sallama, ya fito da buta a hannu. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo neman gafara. Ko gonar tawa ce ko taka ce, maganar da na faɗa maka ba ta ɗa da uba ba ce." Ya yi shiru har na fara jin kunya. Can ya ce, "Tashi, ɗana. Ni ma duk watan da na ɗauki farantin nan hannuna yakan yi rawa, gama na san dalilin da ya sa ka canja wuri." Ran nan na zauna a gefen dama.

Ba a ranar aka warware maganar gona ba. Bayan mako biyu mai unguwa da dattawa biyu suka taka iyakar, suka nemo tsofaffin gindin gamba da iyayenmu suka dasa. Aka ga kunya ɗaya tawa ce, biyu nasa. Ashe wata goma sha ɗaya ina fushi a kan abin da yawancinsa ba nawa ba ne. Muka sāke dasa gamba tare.

GA MASU TSORO

Akwai kuma waɗanda kuskurensu ya bi ta wata hanya dabam. Sun ji gargaɗin Bulus cewa mai ci ba da cancanta ba yana jawo wa kansa hukunci, sai tsoro ya kama su. Da an fara waƙar Jibi sai su sulale waje. Na san wata uwa da ta yi shekaru ba ta karɓa ba, ba don ekklesiya ta sa ta a horo ba, sai don tana ganin ba ta isa ba.

'Yar'uwa, ɗan'uwa, sāke karanta wurin. Bulus yana magana a kan yadda ake ci, ba a kan wanda ya isa ba, gama babu wanda ya isa. Ya ce mutum ya auna kansa, sa'an nan ya ci. Bai ce ya auna kansa ya gudu ba. Bitrus ya ci a daren da ya yi musu, Ubangiji kuwa ya san abin da zai yi, duk da haka ya miƙa masa. Marar lafiya ba ya jira ya warke kafin ya je asibiti. Idan zunubi ne, ka tuba ka zo. Idan rigima ce, ka je ku shirya ka zo. In ka je da zuciya ɗaya ɗan'uwanka ya ƙi, ka sauke naka nauyin, ka ci gaba da yi masa addu'a, ka gaya wa fasto ko dattijo, ka zo. Wanda yake ƙarƙashin horo kuma kada ya ɗauka an kore shi. Manufar horo ita ce a komo da shi teburin.

ABIN DA IYALI ZA SU YI

Shirin Jibi a gida yake farawa. Ran Asabar da dare maigida ya tara iyali a karanta 1 Korantiyawa sura 11 daga aya 17 zuwa ƙarshe, ko Luka sura 22. A bar yara su yi tambaya, ko da ba su kai karɓa ba tukuna, a kuma amsa musu da haƙuri. Miji da mata su dubi juna, gama sau da yawa wanda muke riƙe da shi a zuciya ba a gona yake ba, a ɗaki ɗaya muke kwana. Wanda ake binsa bashi yana ɓuya, ya je ya yi magana ko da bai da abin biya a hannu. Zumunta a ƙafa take.

Mu kuma tuna da waɗanda ba su iya zuwa, kamar yadda dikinonin Roma suka yi. A kowace ekklesiya akwai tsohuwar da ƙafa ta hana ta fita, da mai jinya da ya daɗe a kwance. A gaya wa fasto a kai musu. A lokacin Ista ta 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe wuraren sujada a garuruwa da yawa, dukanmu mun ɗanɗana abin da waɗannan suke ji kowane wata. Kada mu manta da wannan ɗanɗano.

Na koma wurin 'yan aji shida a mako na gaba, na ce wa yarinyar nan ta yi gaskiya, gutsuren ba ya ƙosar da ciki. An gutsura shi ƙanana ne domin ya kai ga kowa, duk kuwa daga burodi ɗaya aka gutsuro. Ta ce, "To Malam, ashe wanda ya ci nasa ya ci tare da kowa ke nan." Na ce ta rubuta wannan ma a littafinta.

Mai karatu, kafin Lahadin Jibi mai zuwa, ka tambayi kanka ko akwai hannun da ba ka so ka karɓa daga gare shi, ko ƙofar da ka daɗe ba ka yi sallama a bakinta ba. In akwai, ka san inda za ka fara. Ubangiji ya ba mu ƙarfin tafiya. Amin.